Sharhi: Aiki mai ma'ana ga maginin shafukan intanet, darasi daga gandun kiwo na Bobi

Kontagora, Jihar Neja

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen shekarar 2023, da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani, yawan matasan da suka iya gina shafuka da manhajojin intanet yana ƙaruwa a Minna da Kontagora da Kaduna da Kano da sauran biranen Arewa. Da yawa daga cikinsu abinci kawai suke nema, kuma babu laifi a cikin haka. Amma akwai wani rukuni da ya riga ya ƙware, ya yi shekaru yana gina shafukan talla da na shaguna, har ya kai matsayin da yake tambayar kansa ko wahalar da yake sha a gaban kwamfuta tana sauƙaƙa rayuwar wani.

Irin wannan magini yakan juya ne ga sababbin kamfanonin fasaha, waɗanda kusan kowannensu ke cewa an kafa shi domin magance wata matsala ta al'umma. Kalmomin sukan yi daɗin ji, amma ba su isa hujja ba. Abin da ke nuna ma'anar aiki shi ne halin da mutumin da aka yi aikin dominsa ya samu kansa bayan an gama. Domin a ga yadda wannan ma'auni yake aiki, yana da kyau a dubi wuri guda da matsala guda, wato gandun kiwo na Bobi da ke Ƙaramar Hukumar Mariga, a Masarautar Kontagora, da kuma batun madarar da ake tatsa a can.

Wane ne magini mai haɗa komai?

Kowace manhajar intanet tana da sassa. Akwai fuskarta, wato abin da mai amfani ke gani yana latsawa a waya ko kwamfuta, wadda ake ginawa da HTML da CSS da JavaScript. Akwai bayan fage, inda ake lissafi da tantance wanda ya shiga da abin da aka yarje masa ya gani, wanda ake rubutawa da harsuna irin su Python da PHP. Akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da alƙaluma. Sai kuma kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar dare da rana, waɗanda suke buƙatar kulawa da tsaro.

A manyan kamfanoni kowane sashe yana da gwanayensa, kuma mutum yakan shafe shekaru bai leƙa sashen maƙwabcinsa ba. Magini mai haɗa komai shi ne wanda ya san isasshen abu a kowane sashe har zai iya ɗaukar aiki daga farko ya kai shi ƙarshe shi kaɗai, ko tare da mutum ɗaya ko biyu. Misalinsa kamar maginin ƙauye ne da ke haƙa harsashi, ya jera bulo, ya ɗora rufi, ya kuma sa ƙofa. Ba shi za a ba ginin bene mai hawa goma ba, amma shi ne wanda zai miƙa wa mai gida mabuɗi ba tare da an jira ma'aikata biyar daga birni ba.

A kasuwar aiki wannan hali yana da rauninsa. Manyan kamfanoni, musamman na ƙetare, sukan fi neman wanda ya zurfafa a abu guda, kuma sukan fi biyansa. Shi ya sa mai haɗa komai yakan ji kamar ya tsaya a tsakiya, bai zama gwanin kowane fanni ba. Amma a ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ko goma, wanda bai gama gano ainihin abin da jama'a ke buƙata ba, wannan rauni shi ne ƙarfinsa. Abin da aka gina a wannan wata ana iya rushe shi a watan gobe idan an ga bai dace ba, kuma kamfanin ba shi da kuɗin ɗaukar gwani ga kowane sashe.

Matsalar da ke Bobi

Gandun kiwo na Bobi yana da faɗin hekta kusan 31,000. Tunanin keɓe wa makiyaya filaye irin wannan ya samo ƙarfin doka ne tun daga Dokar Gandun Kiwo ta Jihar Arewa ta shekarar 1965. Sunan Bobi ya fito fili a shekarar 2019, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya matsa wa kamfanonin da ke shigo da madara lamba su zuba jari a kiwon cikin gida, yana mai cewa ƙasar na kashe sama da dala biliyan ɗaya a kowace shekara wajen shigo da madara. Gwamnatin Jihar Neja ta lokacin, ƙarƙashin Gwamna Abubakar Sani Bello, ta ware wa wasu kamfanoni filaye a gandun, ciki har da FrieslandCampina WAMCO da ya samu hekta 10,000, da kuma Chi Limited. A watan Fabrairun 2020 bankin ya taƙaita samun kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, matakin da aka janye a shekarar 2024. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya.

A ƙarƙashin waɗannan manyan matakai akwai wata matsala ta yau da kullum. Saniyar gida, irin su Bunaji da Bokolo, lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a rana a tsarin kiwo na gargajiya. Saboda haka kamfanin da ke son cika tanki ɗaya dole ne ya tattara madara daga ɗaruruwan gidaje, kowanne da 'yar ƙwaryarsa. Ɗanyar madara kuma ba ta jira. Idan ba a sanyaya ta zuwa kusan digiri 4 a ma'aunin Salshiyos cikin 'yan sa'o'i ba, za ta fara tsami. A wurin karɓa ana auna yawanta, a gwada ko an ƙara mata ruwa, a gwada ko ta fara lalacewa, sannan a karɓa ko a mayar.

A al'adar Fulani makiyaya, cinikin madara da nono da man shanu na mata ne, da shi suke sayen kayan miya da sutura da magani. Matar da ta saba kai nono kasuwa ta dawo da kuɗinta a hannu a ranar, idan aka ce ta ba da madara yau a biya ta ƙarshen mako ko ƙarshen wata, bashi aka ce ta bayar. Abin da zai sa ta yarda ta ci gaba shi ne ta tabbata cewa kowace lita an rubuta ta da sunanta, kuma kuɗin zai zo cif ba tare da ragi ba. Littafin da ruwa zai iya jiƙawa, ko ma'aikaci ya yi kuskure a ciki, ba ya ba da wannan tabbaci. Ranar da lissafi ya saɓa sau biyu ko uku, ta koma kasuwa da ƙwaryarta, tankin ya zauna babu komai, duk da tsadar injinan da aka kafa.

A nan ne aikin maginin manhaja yake shigowa, kuma a nan ne za a ga iyakarsa. Manhaja ba ta haƙa rijiya, ba ta shuka ciyawa, ba ta warkar da ciwon huhu ko boru ko sammore. Abin da take iya yi shi ne ta riƙe lissafi na gaskiya tsakanin mai kawo madara da mai saye.

Abin da aikin yake buƙata

A ɗauka cewa wani ƙaramin kamfani ya ɗauki magini guda domin ya samar da tsarin lissafin madara a wuri irin Bobi. Abu na farko da zai fuskanta shi ne rashin sabis. A ƙauyuka da rugage sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma a rasa shi gaba ɗaya. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi hakan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta mutu ke nan a irin wannan lokaci. Dole ne a gina ta yadda za ta ajiye bayanai a cikin wayar ma'aikaci, ta aika da su idan sabis ya dawo, ta kuma san abin yi idan wayoyi biyu suka rubuta abu daban a kan mutum guda.

Na biyu shi ne nau'in waya. Mafi yawan masu kawo madara ba su da babbar waya, wasu ma wayar miji ko ta ɗa suke amfani da ita. Shaidar da za a ba su dole ta zo ta gajeren saƙo, ko ta lambobin USSD irin waɗanda ake duba kuɗin banki da su, ko ta kiran murya, ko kuma 'yar takardar da ake bugawa nan take. Na uku shi ne harshe. Hausa da Fulfulde ake yi a wurin, kuma da yawa ba su karanta boko ba, don haka alamomi da murya sun fi dogon rubutu amfani. Ko haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da tasu matsalar: idan aka sa su a gajeren saƙo, adadin haruffan da saƙo ɗaya ke ɗauka yana raguwa daga 160 zuwa 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Wanda bai taɓa gina wa mai jin Hausa manhaja ba ba zai san da wannan ba.

Na huɗu shi ne suna. A ruga ɗaya ana iya samun mata da dama masu suna iri ɗaya, wasu kuma da laƙabi aka san su saboda alkunya. Tsarin da ya dogara da suna kawai zai kai kuɗin wata ga wata. Sai an ba kowa lamba ko kati, an kuma tanadi abin da za a yi idan katin ya ɓace. Na biyar shi ne biyan kuɗi. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon shekarar 2023 ya nuna wa kowa muhimmancin masu POS a karkara, kuma tsarin da zai yi aiki dole ya lura da nisan da ke tsakanin ruga da wurin cire kuɗi mafi kusa.

Duk wanda ya dubi waɗannan buƙatu zai ga cewa babu sashe guda na ginin manhaja da ya tattara su. Akwai aikin fuska, akwai na bayan fage, akwai na rumbun bayanai, akwai haɗawa da kamfanonin sadarwa da bankuna, akwai kuma zama a inuwa a koya wa ma'aikacin wurin karɓa yadda zai yi amfani da abin da aka gina. Wannan shi ne fagen mai haɗa komai. Idan kuma ya kasance ɗan yankin ne mai jin harshen, ya fi gwanin da ke Legas ko Landan damar gane inda gizo ke saƙar, domin da ɗan gari akan ci gari.

Amanar bayanai

Akwai wani nauyi da ke kan wuyan maginin wanda ba a cika ambatonsa ba. Ƙaramar Hukumar Mariga da maƙwabtanta sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A Ƙaramar Hukumar Rafi da ke kusa ne aka sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairun 2021, sannan a Tegina a watan Mayun shekarar. A irin wannan yanki, jerin sunayen makiyaya da yawan shanunsu da inda rugarsu take da ranar da ake biyansu kuɗi abu ne mai haɗari ƙwarai idan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Ƙari a kan haka, tun zamanin jangali makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma yana da dalilinsa na tarihi. Magini mai hankali zai tambayi kansa ko lallai ne a tattara wani bayani kafin ya tanadar masa gurbi. Idan lissafin lita ake yi, babu buƙatar sanin yawan garke. Abin da ba a tattara ba ba za a iya sace shi ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta a tattara bayani bisa dalili na halal, a taƙaita shi ga abin da ake buƙata, a kuma kiyaye shi. Ga mai neman aiki mai ma'ana, yadda kamfani ke ɗaukar wannan batu yana bayyana halinsa fiye da duk abin da ya rubuta a shafinsa.

Abin da aka gani a Kano da Indiya

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A Kano, ƙungiyar eHealth Africa, wadda Evelyn Castle da Adam Thompson suka kafa a shekarar 2009, ta taimaka wajen gudanar da cibiyoyin ɗaukin gaggawa na yaƙi da cutar shan inna, da zana taswirorin ƙauyuka, da bin sawun masu rigakafi ta hanyar wayoyi masu nuna wuri. Fasahar ba ta ɗiga wa ko yaro ɗaya magani ba. Abin da ta yi shi ne ta nuna unguwannin da aka tsallake domin a koma. Ma'aikatan lafiya da sarakunan gargajiya da malamai su ne suka yi babban aikin, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Maginan da suka yi aiki a bayan fage suna da abin da za su nuna.

A fannin madara kuwa, misalin da ya fi shahara shi ne na Amul, ƙungiyar haɗin gwiwar masu kiwo da aka kafa a garin Anand na Indiya a shekarar 1946. Tsarinta shi ne aka yaɗa a faɗin ƙasar ta hanyar wani babban shiri da aka fara a 1970 ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, har Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya. Ginshiƙin tsarin shi ne mai saniya ɗaya ko biyu ya kawo madararsa, a auna, a gwada, a biya shi a kan lokaci. An daɗe ana yin haka da takarda kafin na'urorin aunawa da kwamfuta su shigo wuraren karɓa. Darasin shi ne fasaha ta zo ne ta ƙarfafa amanar da aka riga aka gina, ba ta ƙirƙire ta ba.

A Arewa ma akwai kamfanonin da suka tsaya a kan matsalolin karkara. Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012, yana aiki da ƙananan manoman masara a Kaduna da kewaye, yana ba su iri da taki bashi da horo da kasuwa, kuma ma'aikatansa suna amfani da manhajojin waya a gona. Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, yana haɗa masu tarakta da manoman da ke neman haya. A dukkansu manhajar ɗan ƙaramin ɓangare ce na aikin, amma idan ta lalace sauran sassan sukan tsaya.

Yadda ake gane kamfani mai manufa

Tunda kowa na iya rubuta kyakkyawar manufa, mai neman aiki yana buƙatar tambayoyin da zai yi kafin ya sa hannu a takarda. Tambaya ta farko ita ce: wa ke biyan kuɗin? Idan mai amfani ne ke biya, ko kamfanin da ke sayen madarar, to akwai wanda zai yi ƙorafi idan abin bai yi aiki ba. Idan tallafi ne daga wata gidauniya, a tambayi yaushe zai ƙare, da abin da aka shirya bayan ya ƙare. Ayyuka da yawa sun mutu a ranar da tallafi ya yanke, aka bar wayoyi da na'urori a ɗakin ajiya.

Ta biyu: mutum nawa ne suka yi amfani da manhajar a makon jiya? Yawan waɗanda aka yi wa rajista ba ya nuna komai, domin ana iya rubuta sunaye dubu a taron kwana ɗaya. Waɗanda suka dawo da kansu su ne shaida. Ta uku: yaushe shugabannin kamfanin suka je wurin da suke magana a kai, kuma za a bar maginin ya je ya gani da idonsa, bisa tanadin tsaro? Ta huɗu: wa ke da bayanan da ake tattarawa, kuma ana sayar da su? Ta biyar: wane abu ne suka gwada bai yi ba, kuma me suka canja? Kamfanin da ya ce bai taɓa kuskure ba, ko dai bai fara aiki ba, ko kuma ba ya faɗin gaskiya.

Doka ma tana ba da ɗan haske. Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Oktoban 2022, ta tanadi shaidar da Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ke bayarwa ga kamfanin da ya yi rajista, bai wuce shekara goma da kafuwa ba, aikinsa ya shafi fasahar zamani, kuma 'yan Najeriya daga cikin waɗanda suka kafa shi suke riƙe da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin cikin gida. Wannan shaida, tare da rajistar Hukumar Kula da Kamfanoni, wato CAC, tana nuna cewa kamfanin yana nan a gaban doka. Ba ta nuna cewa yana da amfani ga jama'a, wannan sai mutum ya bincika da kansa.

Albashi, hannun jari da haɗari

Dole ne kuma a faɗi gaskiya game da kuɗi. Mafi yawan jarin da ke shigowa kamfanonin fasaha a Najeriya yana tafiya ne Legas, kuma fannin hada-hadar kuɗi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Labarin Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a watan Oktoban 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200, shi ne ke yawo a bakin matasa. Irin wannan labari bai cika faruwa ba. Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 da manufar nazarin ƙwayoyin halittar 'yan Afirka domin inganta magunguna, ya tara miliyoyin daloli, amma ya rufe a 2023. Kyawun manufa ba ya hana kamfani durƙushewa.

Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin maginin da ke yi wa kamfanin ƙetare aiki daga ɗakinsa ana biyansa da dala, da wanda ke karɓar naira a ƙaramin kamfanin noma ko kiwo. Wanda ya zaɓi na biyun ya sadaukar da wani abu, kuma ya kamata ya yi hakan da idonsa a buɗe.

Sababbin kamfanoni sukan cike gurbin ƙarancin albashi da alƙawarin hannun jari. Yadda aka saba shi ne a raba shi a kan shekara huɗu, kuma wanda ya bar aiki kafin cikar shekarar farko ba ya samun komai. Hannun jarin ba ya zama kuɗi sai an sayi kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari. Saboda haka a rubuta shi a takarda, amma kada a gina lissafin gida a kansa. A kuma tambayi wata nawa kuɗin da ke asusun kamfanin za su iya biyan albashi. Duk shugaban da ya ce ma'aikaci ya haƙura da haƙƙinsa saboda aikin na taimakon al'umma ne, ya nuna yadda zai yi da haƙƙin mai kawo madara ma.

Akwai kuma haɗarin gajiya. Mai haɗa komai a ƙaramin kamfani shi ake bugawa waya da tsakar dare idan manhaja ta tsaya. Hanyar kariya ita ce ya zaɓi kayan aiki sanannu masu sauƙi, ya rubuta bayanin duk abin da ya gina, ya kuma horar da wani a kusa da shi. Tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya fahimta yana cikin haɗari, haka ma jama'ar da suka dogara da shi.

Ta ina za a fara?

Matashin da ke Kontagora ko Minna ba sai ya jira an buga tallar aiki ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye ɗalibai a fannin kwamfuta da sadarwa a kowace shekara, kuma cibiyoyi irin su CoLab da Sanusi Ismaila ya kafa a Kaduna a 2016, da Startup Kano, wurare ne da magina ke haɗuwa da masu kafa kamfanoni. Amma abin da ya fi jan hankalin mai ɗaukar aiki a wannan fanni shi ne aikin da aka riga aka yi wa mutane na gaske, ko da ƙarami ne: lissafin adashi na ƙungiyar mata, rajistar ɗalibai ta makarantar Islamiyya, ko littafin bashin mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Mariga. Wanda ya gina irin wannan, ya ga inda ya gaza, ya gyara, ya koyi abin da babu kwas ɗin da ke koyarwa.

Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu taya rubuta umarnin kwamfuta ya sa mutum ɗaya yana iya gama aiki da sauri fiye da da. Hakan ya rage darajar iya rubutun kawai, ya kuma ƙara darajar sanin abin da ya kamata a rubuta. Na'ura ba za ta gaya wa magini cewa wayar da ke karɓar saƙon kuɗin madara a hannun miji take ba, alhali kuɗin na matar ne. Wannan sai wanda ya zauna da mutanen ya saurare su.

Makomar gandun kiwo na Bobi tana hannun abubuwan da suka fi manhaja girma: tsaro, ruwa, ciyawa, hanya, wutar lantarki da ɗorewar manufofin gwamnati. Maginin da ya shiga wannan fage da tunanin shi ne zai ceci yankin zai sha kunya. Wanda ya shiga da niyyar riƙe ɓangarensa da kyau yana da ma'auni mai sauƙi da zai auna aikinsa da shi a kowane mako: shin matar da ta kawo lita uku da safe ta samu shaidar lita uku, kuma kuɗin lita ukun sun isa hannunta a ranar da aka yi mata alƙawari? Idan amsar ta zama e, mako bayan mako, to ya samu aikin da yake nema.